'Yar Taga da 'Yar Baranda

Masu bibiyata, kafin in shiga abin da ya faru ranar Asabar, ya dace in gabatar da kaina ga waɗanda yau ne suka fara cin karo da rubutuna. Ni malami ne mai takardar difloma a fannin koyarwa. Makarantarmu ta damƙa mini wani ƙaramin aji da ake kira ajin masu hazaƙa, wato yaran da kan gama aikin mako tun ranar Talata, sannan su zauna suna ƙulla fitina saboda gundura. Ni mutum ne mai yawan taraddadi. Nakan rubuta saƙon waya, in karanta, in goge, in sake rubutawa. Amma akwai wuri ɗaya da gabana ba ya faɗuwa, shi ne cikin ajin nan. A can na san abin da nake yi.

Tsarina ba shi da wuya. Ina da ɗan agogon yashi, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, gilashi ne a cikin firam na katako. Idan na yi tambaya sai in juya shi, kuma babu mai ɗaga hannu sai yashin ya gama zuba. Da farko hakan ya taimaki masu shiru, amma ya zame wa masu surutu kurkuku, domin na lura akwai yaron da ba ya sanin abin da ke ransa sai ya ji shi daga bakinsa. Sai na raba wurin biyu. Wanda tunaninsa ke fita ta baki ya fita baranda da abokinsa, su yi ta magana. Wanda tunaninsa ke son zaman shiru ya matsa kusa da taga. Yashi na ƙarewa, kowa ya dawo da abin da ya samo. Yaran da kansu suka raɗa wa juna suna: 'yan baranda da 'yan taga.

A cikinsu akwai tagwaye mata. Ɗaya ana ce mata Rediyo, kuma ba sai na yi bayani ba. Ɗayar ana ce mata Kunkuru, saboda da an kira sunanta da ƙarfi sai wuyanta ya shige cikin kafaɗunta. Yayarsu ce ke zuwa ɗaukarsu in an tashi. Aikinta amsa kiran abokan hulɗa ne a wani kamfani, wato ana biyanta ne don ta yi magana, kuma in ta tashi daga aiki sai ta ci gaba kyauta. Ranar da ta fara ganin agogon a teburina ta ce, “Malam, ƙwai kake dafa wa yaran, da kake auna mintuna?” Tun daga nan take kirana Malam Yashi. Ni kuwa na adana lambarta da sunan “Yayar Rediyo”, kuma har yau da nake rubutun nan, duk da abin da ya shiga tsakaninmu, hannuna bai yi ƙarfin halin canza sunan ba.

Ranar Alhamis da rana, ina gyara kujerun aji, saƙonta ya shigo.

“Malam Yashi, labari biyu. Mai daɗi: Baba ya ce ka zo shan shayi Asabar da la'asar, kai da babban gidanku.”

Na tsaya da kujera a hannu. Kafin in ajiye ta, na biyun ya faɗo.

“Marar daɗi: ya yanke shawarar cire Kunkuru daga ajinka. Ya ce Rediyo ce mai ƙwaƙwalwa, ita kuwa wahalar da ita kawai ake yi. Litinin zai je wajen shugabarku. Kuma zai tambaye ka, don yana so ya ji malaminta ya ce haka ne.”

Na san me hakan ke nufi. Akwai yara da yawa da ke jiran gurbi a ajin, kuma ƙa'idar shugabar makaranta ita ce kujerar da iyaye suka saki ba ta dawowa. Na kuma san inda Kunkuru za ta koma: babban aji, layin baya, inda za ta gama aikinta cikin shiru, ta zauna tana kallon bango, kowa yana yaba mata da ladabi har ta daina tunani.

Na rubuta, “Me kike so in ce masa?” Na goge. Na sake rubutawa daidai yadda yake, na aika.

“Ni zan gaya maka? Kai ne malamin. In ka ce haka ne, Baba zai so ka. Sauran kuma ka lissafa da kanka.”

A gida, Umma ta karɓi labarin gayyatar kamar an ce mata na ci jarrabawa. Ta sa aka kira Kawu, ƙaninta, tsohon direba, wanda ke tsaya mini tun rasuwar mahaifina. Da kanta ta zaɓar mini farar riga mai dogon hannu da wando ruwan toka, ta hana ni taɓa dutsen guga, wai zan ƙone kwala. Ban da wayo, sai na ba su labari na biyun ma.

Umma ta ajiye dutsen guga. “To, ina ruwanka? 'Yarsa ce. In ya ga dama ya cire ta, in ya ga dama ya bar ta.”

“Umma, yarinyar tana da…”

“Kai ma kana da. Kana da shekarun aure, kana da uwa da ta gaji da jira. Wancan dillalin motocin da shi ma ke neman yayar tagwayen yana can kullum yana cika musu falo da dariya, kai kana nan kana auna yashi. Yanzu da aka buɗe maka ƙofa, sai ka shiga da gardama?”

Kawu ya kurɓi ruwa, ya gyara zama. “Ɗana, saurara. A gaban uban yarinya kalmominka biyu ne: na'am, da haka ne. In ya ce rana daga yamma take fitowa, ka ce ai kai ma ka lura da hakan kwanan nan. Ni da na je neman matata, babanta ya ce motata tana hayaƙi. Sabuwa fil. Na ce wallahi tana yi.”

“Kuma ka bar abin yashin nan a gida,” in ji Umma.

Na ce to. Sai dai da na sa rigar ranar Asabar, na ga agogon a kan akwatina, hannuna ya ɗauka ya jefa a aljihu. Ban yi niyyar komai da shi ba. Wasu carbi suke riƙewa idan hankalinsu ya tashi, wasu makulli. Ni shi nake riƙewa.

Baban tagwayen kafinta ne mai babban shago, kuma falonsa shaida ne: kujeru masu hannun katako da aka goge har suna ƙyalli, kabad mai gilashi cike da kofuna, da wata 'yar kujera mai ƙafa uku kusa da ƙofa. A tsakiya akwai teburin shayi mai kusurwa huɗu, kyakkyawa ƙwarai, sai dai an cusa nannaɗaɗɗen kwali a ƙarƙashin ƙafarsa ɗaya. Shi kansa mutum ne mai faɗin ƙirji da muryar da ta saba rinjayar ƙarar zarto. Ko gaisuwarsa sai da ta sa kofunan kabad suka amsa.

Yayar tagwayen ce ta kawo tiren shayin. Doguwar riga ce a jikinta, shuɗiya mai duhu, da mayafi ruwan madara, ga ɗan siririn agogo a hannun hagu. Ba ta dube ni ba, amma da ta ajiye kofina sai ta ce ƙasa ƙasa, “Kwalarka ta miƙe kamar za ta yi jawabi.” Ta koma ta tsaya bakin labule. Tagwayen suka shigo suka gaishe mu, Rediyo da cikakken labarin yadda suka wuni, Kunkuru da motsin leɓe.

“Malam,” in ji Baba, “ni ma ina da ajina a gidan nan. Duk shan shayi sai na yi musu tambaya, mai amsawa ta ci biskit. Bari ka gani.” Ya nuna 'yar kujerar bakin ƙofa. “Me ya sa kujera mai ƙafa uku ba ta rawa ko ina ka ajiye ta, amma mai huɗu tana yi?”

Ya buga tebur da yatsa. Teburin ya ɗan karkata, shayi ya fantsama a tire.

“Saboda gajera ce,” in ji Rediyo. “A'a, saboda ba ta da nauyi. A'a, tsaya, saboda ƙafafunta a buɗe suke kamar na akuya.”

Baba ya tuntsire da dariya, ya miƙa mata biskit. “Ba ki samu ba, amma kin ji ƙwaƙwalwa tana tafasa. Ke fa?” Ya sake buga tebur. “Ke fa? Ina jinki. Yi magana mana, ba cizo nake ba.”

Wuyan Kunkuru ya shige. Idonta na kan kwalin da ke ƙarƙashin tebur.

Ya juyo gare ni, kuma ina so ku sani babu mugunta a fuskarsa. Damuwa ce ta uba. “Ka gani ko? Kullum haka. Yarinyar kirki ce, amma ba a tilasta wa katako abin da ba zai ɗauka ba, tsagewa yake yi. Litinin zan je in ce a mayar da ita ajin kowa da kowa, ta huta. Ko ba haka ba, Malam?”

Gwiwar Kawu ta taɓa tawa. Kalmomin biyu suna kan harshena, a shirye, an goge su kamar rigata. Na dubi labule. Yayar ta harɗe hannuwa tana kallon silin.

Na ce, “Baba, ina neman alfarma ɗaya kafin in amsa.”

Na fito da agogon na ɗora a tebur. Na ji Kawu ya ja numfashi ta hanci. Na yi bayanin tsarin a taƙaice, kamar ina gaban ajina. Na roƙi Rediyo ta ɗauki kujerar ta fita baranda da yayarta. Na roƙi Kunkuru ta koma kusa da taga. Na maimaita tambayar, na juya yashin.

“To, bismilla,” in ji Baba. “Yi tunani. Ki yi tunani sosai. Ƙafa uku fa aka ce, ba huɗu ba. Kin gane tambayar ko in sake? Malam, wannan katakon firam ɗin wa ya yi maka? Bai goge kusurwar ba. Ke, yashi na tafiya fa. Rabi ya wuce.”

Haka ya yi ta yi har ƙwayar ƙarshe ta faɗa. Kunkuru ba ta ɗago ba.

Ya buɗe hannuwa. “Shi ke nan. Yashinka ma ya ƙare.”

Masu karatu, a nan ne gwiwar Kawu ta daina taɓawa ta koma dannawa. Amma na ga yatsun yarinyar suna motsi a kan cinyarta, uku a miƙe, na huɗun yana sauka yana tashi, kuma na san wannan motsin kamar yadda Baba ya san ƙamshin katako.

Na ce, “Ku gafarce ni, Baba. Yashin bai fara ba tukuna. Shirun da na roƙa ba nata ba ne, ita tana da shi da yawa. Naku na roƙa.”

Kawu ya zuba wa kofinsa ido kamar an rubuta wani abu a ciki. Sai daga can cikin gida, bayan labule, muka ji dariyar mace babba, wadda aka yi ƙoƙarin dannewa ta ƙi dannuwa. Mamar tagwayen ce.

Baba ya dubi labulen, ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.

“Wato ni ne mai surutun.”

“Ɗan baranda ne ku, Baba. Ba laifi ba ne. Rabin ajina haka suke, kuma ina alfahari da su.”

Ya shafa gemu. “Juya.”

Na juya. Ban taɓa ganin mutum yana shan wahalar shiru kamar yadda na gani a ranar ba. Ya buɗe baki ya rufe. Ya ɗaga yatsa zai buga tebur, ya mayar da shi aljihu. Daga baya ya cusa biskit guda a baki don ya sami abin yi.

Da falon ya yi shiru, sai muryar baranda ta shigo ta taga. Rediyo tana jan kujerar a kan siminti tana zuba: “Yaya, sa ta kan matakala. Kin ga ta zauna. Sa takalminki ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Ta karkace amma ba ta rawa. To ba nauyi ba ne, na janye wannan. Tsaya. Uku, duk inda suka sauka sun sauka, babu wadda ta rage a sama. In huɗu ne, uku su zauna, ɗayar ta rasa wuri. Yaya, kin ji abin da na ce? Na samu.”

Kunkuru ta ɗan karkata kunne wajen tagar. Sannan ta miƙe, ba tare da ta dubi kowa ba, ta zo ta ɗauke tiren shayi ta ajiye a ƙasa. Ta ba ni agogona in riƙe. Ta durƙusa ta zare kwalin. Baba ya zabura zai yi magana, ya ga yashi da saura, ya haɗiye. Ta kama gefen teburin da hannu biyu, ta fara juya shi a hankali a inda yake, kaɗan kaɗan, tana danna kusurwa tana saurare. Ta juya, ta danna, ya yi rawa. Ta ƙara juyawa. A wani wuri, teburin ya ɗan kauce daga saitin kujeru, ta danna, bai motsa ba. Ta danna sauran kusurwoyin. Ya zauna daram.

Ta koma ta tsaya tana kallon hannuna har yashin ya ƙare. Sannan ta ce, da muryar da sai da muka sunkuya muka ji:

“Ƙafafun daidai suke, Baba. Daɓen ne ba daidai ba. Ta huɗun ƙasa take nema, in aka juya za ta samu.”

Baba ya sauko daga kujera ya durƙusa, da manyan hannuwansa ya danna kowace kusurwa. Ya kwantar da kai yana leƙa ƙarƙashi. Ya ɗago ya fuskanci labule.

“Kin ji ko? Shekara da shekaru kina cewa na yanke ƙafa ɗaya gajere.”

“Ni ma ai shirun ba a ba ni ba, balle in janye,” in ji muryar bayan labule.

Rediyo ta faɗo falon da kujera a ka, tana maimaita abin da ta gano tun daga farko. Na bar ta ta kai ƙarshe, sannan na ce wa Baba ya lura: ɗazu ta ci biskit a kan amsar da ba daidai ba, saboda saurinta ya burge shi. A baranda kuwa ta yi kuskure da ƙarfi, ta ji kuskuren da kunnenta, ta janye, ta kai ga gaskiya. Ita abin da take buƙata shi ne a bar ta ta yi ta faɗa, sannan a sake tambayarta, kada a tafa mata tun a zagayen farko. 'Yar'uwarta kuma a ba ta lokaci, a daina buga tebur. Kuma rabin amsar Kunkuru ta taga ya shigo mata. In aka raba su, kowacce za ta yi asara.

Baba ya zauna a ƙasa inda yake, ya jawo Kunkuru kusa. A karon farko muryarsa ta sauka. “Me ya sa ba kya faɗa mini?”

“Kafin in gama, kun wuce tambaya ta gaba.”

“Ni kuma shi ya sa nake saurin amsawa,” in ji Rediyo. “In muka yi shiru mu biyu, sai ku ce kuɗin makaranta ya tafi a banza.”

Ya yi dariya, amma ya goge ido da bayan hannu. Ya ce Litinin yana da aikin ƙofofi, ba shi da lokacin zuwa wata makaranta. Ya miƙa wa Kunkuru kwalin biskit ɗin gaba ɗaya, ita kuma ta raba biyu ta ba 'yar'uwarta. Kawu ya saki gwiwata, ya ce, “Ai dama ni tun a gida na ce masa ya taho da agogon nan.”

Na ɗauka an gama. Na fara lissafin yadda zan yi sallama ba tare da na taka tire ba. Sai Baba ya koma kujerarsa, ya ce wa tagwayen su shiga ciki, ya ce wa babbar 'yarsa, “Ke kuma koma baranda, can ne wurinki.” Ta fita tana danne murmushi. Ya miƙo hannu.

“Ba ni abin nan.”

Na ba shi. Ya jujjuya shi, ya sake cewa ba a goge kusurwar ba, zai gyara mini. Sannan ya ɗora shi a tsakiyar teburin da ya daina rawa.

“Malam, akwai wani mai sayar da motoci da ya riga ka zuwa. Yana sa ni dariya, bai taɓa ce mini in yi shiru a falona ba. Tambayata ɗaya ce: me zai sa in ba ka ita, in hana shi?”

Abin mamaki, gabana bai faɗi ba. Amsar tana nan a shirye tun ranar da aka tambaye ni ko ƙwai nake dafawa. Na gyara zama na ce, “Baba, wannan ba ta buƙatar yashi.”

“A'a.” Ya ɗaga yatsa. “Dokarka ce. Babu mai magana sai ya ƙare. Ni na ɗanɗana, kai ma sai ka ɗanɗana.”

Ya juya agogon, ya harɗe hannuwa, ya jingina.

Yashi ya fara zuba. A aljihuna waya ta yi motsi, ta sake yi, ta sake yi, ban isa in taɓa ta ba. Sai ta taga na ji muryar da na fi sani a duniya, tana magana ita kaɗai a baranda, da ƙarfin da ya isa ya shigo falo:

“Ni dai tunani nake yi da baki, ba da kowa nake ba. Amma in wani ya tsaya goge amsarsa yana sake rubutawa, zan shigo in amsa masa.”

Baba ya rufe ido, kafaɗunsa na rawa. Ni kuma na zuba wa yashin ido, ina roƙonsa, a karon farko a rayuwata, ya yi sauri.